Ƙararrawar Saniya a Keken Tarcisio

Shekara biyu cur mijina Tarcisio yana yawo da ƙararrawar saniya ɗaure a ƙarƙashin sirdin kekensa. Ba irin 'yar ƙaramar nan da ake sayar wa baƙi a bakin tafki ba, ta gaske ce, ta tagulla, irin wadda ake rataya wa uwar garke in za a hau da shanu dutse kiwo. Ko burodi ya je saye, tun daga bayan coci zan jiyo shi: ƙwalam, ƙwalam, ƙwalam. Shanun maƙwabta har ɗago kai suke yi su bi shi da kallo, wata jar saniya kuwa sai da ta taɓa rako shi har ƙofar gida. Mutanen gari suna dariya, shi ma yana taya su. Ni ce dai ba na dariya, domin na san biyu ta wuce, saura ɗaya.

Ga yadda abin yake. Mu 'yan ƙungiyar keke ta garinmu, duk Lahadin ƙarshe ta watan Satumba, kafin dusar ƙanƙara ta rufe hanyoyin sama, muna yin Zagayen Tafki Uku. Kilomita ɗari da goma sha takwas ne, a hau dutse biyu. Hawan ƙarshe shi ne na Ƙofar Iska, lanƙwasa ashirin da biyu, kowace da lambarta rubuce a jikin dutse. Wanda ya iso sama a ƙarshe shi ke ɗaukar ƙararrawa har shekara ta zagayo. Wannan kam wasa ne, kowa ya taɓa ɗauka. Amma akwai doka ta bakwai: wanda ya ɗauke ta sau uku a jere, ranar zai rataye kekensa a bangon ɗan cocin da ke can sama, a miƙa masa makullin motar abincin da ke bin mu, ya koma direba. Ba wanda ya hana shi sayen wani keken ya riƙa hawa shi kaɗai, amma ni ban taɓa ganin wanda ya yi ba.

Wa ya rubuta dokar? Shi gogan nawa mana! Shekara talatin da biyar da suka wuce, lokacin cinyarsa kamar turmi, ya gaji da tsayuwa cikin iska yana jiran tsofaffi. Wanda ta fara ci kuwa babana ne, Gelindo. Kuma kada in yi muku ƙarya, ranar da aka ce masu goyon baya su ɗaga hannu, ni ma na ɗaga nawa. Ina da shekara ashirin da tara, jira ba ya cikin abin da na iya. Baba ya rataye kekensa yana murmushi, ya ja motar shekara biyu, sannan ya ce bayansa na ciwo, ya koma kujerar bakin taga. A kanta ya ƙare kwanansa.

To, a safiyar da nake ba ku labari Tarcisio na da shekara saba'in da biyu, gwiwarsa ta hagu kuma ta daina jin maganarsa.

"Maigida, ka shafa man nan a gwiwar?" na tambaye shi muna shan gahawa a tsaye.

"Na shafa."

"Ƙarya kake yi, ga kwalbar can ko buɗe ta ba a yi ba."

"Nives, ki bar ni in sha gahawata. In na zo ƙarshe na zo ƙarshe. Ni na rubuta dokar, ba ni zan yi mata kuka ba."

"Kai ka sani," in ji ni. "Amma ka ji ni da kyau, ba zan zauna da kai a kicin kana koya mini yankan albasa ba. Wallahi sai in tattara in koma gidan Yaya."

Abin da bakina ya faɗa ke nan. Gaskiyar kuwa, shekara arba'in da ɗaya ban taɓa hawa dutse babu shi ba, ko yana gabana ko yana bayana, kuma ina tsoron kujerar nan ta bakin taga, don har yanzu tana gidanmu.

Ƙarfe bakwai muka taru a dandalin bakin Tafkin Ƙasa, mu goma sha ɗaya. Hazo na kwance a kan ruwa, masunta biyu na tura kwalekwale. Yayana Ermes, wanda shi ne shugaba, ya zo da littafin dokoki a aljihun bayan rigarsa, naɗe cikin leda don kada gumi ya jiƙa shi. Mutum ne mai ɗaure fuska, tun muna yara ko wasan ɓuya ake yi sai ya karanto wa mutane ƙa'ida. Fulvio kuwa yana zaune a motar abinci ya zuro hannu ta taga. Shi dokar ta ci shekara shida da suka wuce, kuma tun daga lokacin tumbinsa ke gaba shi yana biye.

"Sannu da zuwa, uwar garke!" ya ƙwala wa Tarcisio. "Na goge maka kujerar direba tas. Birkin hannu ne kawai sai ka ja shi sau biyu."

"Ka ci gaba da gogewa, mai tumbi," in ji Tarcisio. "Yau ma kai za ka zauna a kanta."

Aka yi shewa. Ni na sha kunu, na ce Fulvio ya yi hattara da bakinsa in yana son ya sake cin gurasar tuffa ta hannuna. Nan take ya janye hannunsa ya ɗaga gilashi.

Rabin farko na tafiyar ba laifi. Muka bi gefen tafkin a jere, kowa na ɓuya daga iska a bayan na gabansa, ƙararrawa na kaɗawa a can baya. Dorina mai kantin magani, wadda ba ta iya shiru ko a hawa, ta ba mu labarin surukarta tun daga gada har gindin dutsen farko. Shi wannan dutsen ba a ƙirga shi, don haka muka hau shi a hankali. Duk da haka sai da muka jira Tarcisio minti goma sha biyu a sama. Na duba agogo, na ga Yaya ma ya duba nasa, muka haɗa ido, kowa ya kau da kai.

Fulvio ya fito da tsofaffin jaridu ya rarraba. In ka hau dutse rigarka sharkaf take da gumi, in ka gangara haka nan iska ta soke ka a ƙirji, sai ka yi sati kana tari. Saboda haka kowa ke cusa jarida a cikin riga kafin gangara. Ni ban taɓa cusa wa kaina ba. Tun muna saurayi da budurwa Tarcisio ke ninke ta biyu ya tura mini ta wuya, ya ɗan bubbuga. Ranar ma haka ya yi, amma numfashinsa bai dawo ba.

"Lafiya dai?" na ce.

"Lafiya lau. Labarin wasanni na sa miki, kada ki karanta a hanya."

Muka gangara Tafkin Tsakiya, wanda ruwansa kore ne shar, sanyinsa kuma ko a tsakiyar bazara ba mai iya minti biyu a ciki. A nan ake cin abinci. Fulvio ya shimfiɗa mana polenta mai zafi, tuwon masararmu ke nan, da narkakken cuku a kai da soyayyen naman kaza. Wannan kam ba a raina masa, mugun baki gare shi amma hannunsa da daɗi. Ana cikin ci na ce zan zaga bayan mota in wanke hannu.

Ba wanke hannu na je yi ba. Sati uku ina juya abin a raina. In na tsaya haka kawai na bar shi ya wuce, zai gane, kuma na san halinsa, in ya ji ƙanshin tausayi da kansa zai kai keken cocin. Dole in gaji da gaske, in yi gumi da gaske. Sai na tsuguna na murɗa 'yar ƙusar nan ta birkin baya har roba ta kama wili. Na juya tayar da hannu, ta yi rabin zagaye ta tsaya cik. Na ce madalla. Ni na taɓa ɗaukar ƙararrawa sau ɗaya tun ina da cikin 'yarmu ta biyu, in na sake ɗauka bana ba abin da zai same ni sai tsokanar Fulvio.

Kai, jama'a, hawan Ƙofar Iska da birki a kame! Ban taɓa sanin azaba irin wannan ba. Tun a lanƙwasa ta uku sauran suka ɓace mana. A ta biyar na koma giya mafi sauƙi, na nemi wata ban samu ba. Gumi na shiga mini ido, cinyoyina na zafi, ina zagin kaina ina zagin wanda ya fasa hanyar. Amma dabara na aiki: Tarcisio na gabana da tsawon keke biyu, ƙararrawarsa na kaɗawa daidai hancina, kuma ba wasan kwaikwayo nake yi ba, da ƙyar nake bin sa.

Abin da na manta shi ne, mutumin nan shekara hamsin yana gyaran keke. Kunnensa na dama ya yi nauyi, in na ce ya fitar da shara ba ya ji, amma in keke ya yi tari a ƙarshen layi sai ya faɗa maka abin da ke damunsa.

A lanƙwasa ta goma sha ɗaya akwai ɗan fili da kwamin shan ruwan shanu, nan ne kaɗai mutum zai iya tsayawa ya sake tashi ba tare da wahala ba. Ya tsaya, ya cika gorarsa, ya sha. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Kawo keken nan."

"Me za ka yi da shi?"

"Tun daga gindin dutse yake kuka. Shii, shii, shii. Har kaina ya fara ciwo."

"Ƙararrawarka ce ta cika maka kunne."

Ya ɗaga bayan keken, ya juya taya, ta tsaya cik. Ya sa yatsa biyu ya warware ƙusar, yana ƙirgawa a fili. "Ɗaya. Biyu. Uku. Huɗu." Ya sake juya ta, ta yi ta gudu abinta. "Jiya da yamma ni na daidaita birkin nan. Ƙusa ba ta murɗa kanta sau huɗu, Nives."

Sai raina ya ɓaci, don ni in an kama ni faɗa nake yi. "To na murɗa! Kekena ne, birkina ne, in na ga dama in hau da shi a kame har sama. Ina ruwanka?"

"Da ruwana. Babanki ya hau dutsen nan shi kaɗai a baya, ba wanda ya murɗa masa komai. Ni ma haka zan hau. Hau ki tafi."

"Ba inda za ni."

"Don girman Allah ki tafi. In kina sona ki bar ni in ƙarasa da mutuncina."

Shekara arba'in da ɗaya bai taɓa cewa "in kina sona" ba, mutumin da ko ranar aurenmu maganar sarƙar keke yake yi wa limamin coci. Na hau, na taka feda da haushi, keken kuwa da aka sake shi ya tafi kamar ba ni ke tuƙa shi ba. Ina tafe ina kuka, ina share hanci da bayan safar hannu, ƙararrawa na ƙara nisa a bayana.

Ina shan lanƙwasa ta goma sha bakwai sai ga Dorina zaune a kan dutse, kekenta a kife, tayar gaba ba iska ko kaɗan.

"Ashsha, faci na yi," in ji ta, tun ban tambaya ba. "Wuce kawai, 'yar'uwa, kada ki jira ni."

"Ina famfonki?"

"Na manta shi a gida."

Ga famfon nan kuwa ya leƙo daga bayan dutsen da take zaune a kai. Na dube shi, na dube ta. Ta yi wuf ta tura shi da dunduniya. Na ɗaga kai sama, don daga nan ana hango sauran lanƙwasar a jere bisa juna, sai na ga abin da ban taɓa gani ba. A ta goma sha takwas mutum biyu sun duƙa a kan keke ɗaya. A ta goma sha tara wani na kwance a ciyawa ya ɗaga ƙafa sama. Gaba kaɗan wasu na ta ɗaukar hoton tafkin da suka shekara talatin suna wucewa ba su ko kalle shi ba. Mutanen da ya kamata a ce tun rabin awa suna sama suna shan shayi, ga su nan warwatse a jikin dutse.

"Dorina, haɗa baki kuka yi?"

"Wane irin haɗa baki? Wallahi ni kaɗai na yi niyyata! Ina sace iskar na ɗaga kai na ga kowa ya tsaya. Ke kuma me ya sa idonki ya yi ja?"

"Birki na murɗa, ya kama ni."

Ta fashe da dariya har tana riƙe ciki, ni ma na kama, ga hawaye ga dariya. Muna cikin haka muka ji ta daga ƙasa: ƙwalam... ƙwalam... a hankali, kowane bugu da taka feda ɗaya. Dorina ta gyara fuska ta yi kalar tausayi. Ni kuma na rasa abin yi, sai na dafe cinya na ce jijiya ce ta ɗaure.

Ya ɓullo daga lanƙwasar, kansa a ƙasa, gumi na ɗiga daga haɓarsa. A wannan wurin hawan ya miƙe sosai, mai gwiwa irin tasa in ya sa ƙafa a ƙasa ba zai sake tashi ba, don haka bai tsaya ba. Ido kawai ya jefa wa tayar.

"Dorina," ya ce, yana haki, "faci ba ya kwance murfin bakin iskar taya ya ajiye shi a kan dutse. Sa iska ki taho."

Ni ko kallo ban ishe shi ba. Na hau na bi bayansa. Dorina ta zaro famfo ta hau bugawa.

A ta goma sha takwas ya ce wa masu duƙawar, "Mutum biyu a kan keken da lafiyarsa ƙalau. Ku ji kunya." A ta goma sha tara ya ce wa na kwancen, "Ɗazu ƙafar hagu ka ɗaga, na hango ka daga ƙasa. Yanzu ta dama ce?" Masu hoto kuwa cewa ya yi su ɗauke shi shi ma, tunda yau tafkin ya zama sabo. Duk wanda ya wuce sai ya hau keke sumui-sumui ya shiga layi a bayana. Ba mai wuce shi. Mutum tara a jere, masu ƙarfi da marasa ƙarfi, muna tafiyar da ko mai tafiya a ƙasa zai iya cim mana, kekuna na layi don tsabar rashin gudu.

Saura mutum ɗaya, na ce a raina, kuma shi kam yana can sama da agogo a hannu da littafi a buɗe. Sai muka sha lanƙwasa ta ashirin da ɗaya. Wa zan gani? Yaya Ermes, shugaba guda, tsaye a gefen hanya, sarƙar kekensa na lilo, hannayensa baƙi ƙirin da mai.

"Tabɗi!" in ji Dorina daga baya. "Har da kai, Shugaba?"

"Sarƙa ce ta zame," in ji Yaya, ya haɗe rai. "Abu ne da kan faru."

"Ermes," in ji Tarcisio, da ƙyar maganar ke fita, "sarƙar da ta zame da kanta ba ta rataye kanta a kan feda tsaf-tsaf haka. Shekara nawa ina koya maka ƙarya ba ka iya ba?"

Yaya ya mai da sarƙarsa cikin daƙiƙa uku ya shiga ƙarshen layi, kunnuwansa sun yi ja.

Haka muka sha ta ashirin da biyu. Ga allon Ƙofar Iska, ga ɗan cocin, ga Tafkin Sama a bayansa, baƙi, shiru, da ƙanƙara a kan duwatsun da ke kewaye da shi. Fulvio na tsaye a jikin mota da butar shayi, ya saki baki, don rabon da ya ga Tarcisio a gaba tun gashin kansu na baƙi. Zuciyata ta yi fari. Na ce shi ke nan, ko ya so ko ya ƙi ya zo na ɗaya.

Saura taku uku ya kai allon sai ya kama birki ya sa ƙafa a ƙasa. Muka yi cirko-cirko a bayansa, har wani ya kusa faɗuwa.

"Maigida, ƙarasa mana!" na ce. "Ga allon nan!"

Ya jira numfashinsa ya dawo. Sannan ya juyo ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Na gode," ya ce. "Wallahi na gode, ban san haka kuke ba. Amma ina da tambaya. Shekarar da Fulvio ya zo ƙarshe karo na uku, wa ya yi faci?"

Muka dubi juna, iska na kaɗa rigunanmu.

"Wa sarƙarsa ta zame? Ni ina nan wurin, a bakin allon nan, ina duba agogo ina cewa ya cika nawa. Baba Gelindo fa? Shi wa ya tsaya ɗaukar hoto dominsa?" Ya dube ni, na sunkuyar da kai. "To ba zan tsallake allon nan da ƙaryarku ba. Ko dai ku wuce duka dokar ta ci ni yadda ta ci su, ko kuwa ita ta mutu yau a nan. Ni na haife ta, kuma na yi kuskure. Tsayuwar rabin awa a cikin iska ce na kasa yi wa tsoho. Ermes, fito da littafin."

Yaya ya zaro ledar da hannunsa mai baƙin mai. Ya gyara murya, don shi ko gini na faɗuwa sai an bi ƙa'ida. "Masu goyon bayan a soke doka ta bakwai, su ɗaga hannu."

Nawa ya riga na kowa, har kafaɗata ta yi ƙara. Hannu goma sha ɗaya suka tashi. Fulvio, wanda a ƙa'ida direba ba shi da ƙuri'a, ya ajiye buta ya ɗaga duka biyun, sannan ya ruga ya danne hon har wasu tsuntsaye suka tashi daga rufin cocin. Yaya ya ja layi a kan dokar, yatsansa ya bar tambarin mai a shafin, har gobe yana nan.

Tarcisio ya tura kekensa ya wuce allon a ƙasa, ya tsuguna ya kwance ƙararrawar. Ya shiga cocin da ita, ni kaɗai na bi shi. Kekuna biyar ne a bangon. Na Baba shi ne na farko daga hagu, shuɗi, fentin ya dushe, ga ƙyallen da Inna ta naɗa masa a hannun keken yana nan. Tarcisio ya miƙa ya ɗaura ƙararrawar a ƙarƙashin sirdin, ya ja igiyar da kyau yadda ya saba.

"Baba," ya ce, "ka yafe mini. Da mun jira ka."

Na sa yatsa na taɓa ta, ta yi ƙara sau ɗaya. Na ce, "Ni ma, Baba." Sai na kama goge ƙurar sirdin da hannun rigata.

Da za mu fito ya sauko da keken Fulvio daga bangon, ya ɗauko shi a kafaɗa. Tayoyin sun bushe sun tsage, sarƙa ta yi tsatsa. Ya jefa shi a bayan mota ya ce kafin Laraba zai tashe shi. Sannan ya ja nasa keken ya miƙa wa Fulvio, ya buɗe tafin hannu.

"Kawo makullin. Yau kaɗai."

"Kai, bar wasa," in ji Fulvio, muryarsa ta canja. "Shekara shida fa. Da wannan cikin?"

"Gangara ce, mai tumbi, cikin ma taimakonka zai yi. Ka dai tausaya wa birkina."

Aka sa masa hular kwano, da ƙyar igiyar ta zagaye haɓarsa. Jarida ɗaya ba ta rufe shi ba, sai da Dorina ta cusa masa uku. Ya hau, ya yi layi sau biyu, sannan ya miƙe. Kafin lanƙwasa ta farko muka jiyo ihunsa, irin ihun da babban mutum bai kamata ya yi ba, har dutsen tsallaken tafki na mai do masa.

Tarcisio ya ninke tawa jaridar ya tura mini ta wuya, ya bubbuga. "In kika sake taɓa birkin nan," ya ce, "sai na cire shi gaba ɗaya."

"Ka dai ja birkin hannu sau biyu," na ce, "kada ka kashe mana tukunyar polenta."

Bana shekara uku ke nan. Har yanzu shi ke zuwa ƙarshe, wani lokacin shi da Fulvio su yi ta musun wanda tayarsa ta riga taɓa allon. Bara minti arba'in muka jira su, shayi ya huce, Dorina ta ƙare labarin surukarta ta sako shi daga farko. Matsalar ɗaya ce: da, muna zaune a cikin mota da ɗumi za mu jiyo ƙararrawa mu san ya kusa. Yanzu babu ita, dole mu fito bakin hanya cikin iskar nan mu tsaya muna leƙen lanƙwasa ta ashirin da biyu. Yaya na gunaguni, ni ina zagin sanyi, yatsuna sun ƙandare a kan jaridar da nake riƙe masa, amma ba wanda ke komawa mota sai mun ga farar hularsa ta ɓullo.